Kafin Ka Zauna Gaban Kyamara

Ɗana, na ji an mayar da kai sashen siyasa a gidan talabijin, har gida ana ta barka. Allah ya sanya albarka. Tun da ka nemi in ce wani abu, to matso kusa. A Sakkwato 'yan siyasa kan ɓata su shirya, su sake ɓatawa, amma ɗan jaridar da ya ɗauki faɗansu ya aza a ka, shi ake bari a rana.

Ba sai ka je nesa ba. Aliyu Magatakarda Wamakko mataimakin Gwamna Attahiru Bafarawa ne kafin su raba gari a 2006, ya kuma gaje shi a 2007. Wamakko ne ya ɗaga hannun Aminu Waziri Tambuwal a 2015, bayan shekara uku Tambuwal ya koma PDP, inda ya tarar da Bafarawa suka zama gida ɗaya. Ahmed Aliyu, mataimakin Tambuwal, ya ajiye muƙami a 2018, ya kara da maigidansa a 2019, ya faɗi, ya dawo ya ci a 2023. Ban kawo wannan don zargin kowa ba, haka siyasa ta gada. Amma ka tuna duk wannan juyi an yi shi ne cikin abin da bai kai tsawon aikin mutum ɗaya ba. Wanda ya zama bakin wani gida a 2005, da wace fuska zai karanta labarai a 2008? Su manyan suna haɗuwa wurin ɗaurin aure da ta'aziyya su yi musabaha su yi dariya. Kai kuwa faifanka yana nan a ajiye, da muryarka da fuskarka.

Fuskar nan ita ce bambancinka da na jarida da na rediyo. Mai rubutu yana iya shiga kasuwa ba wanda ya san shi. Kai mai nama ya san ka, ɗan kabu-kabu ya san ka, surukanka suna kallo. Akwai daɗi a ciki, ba na musu. Za a ba ka kujerar gaba, a kira sunanka a lasifika, wani Honorabul ya dafa kafaɗarka ya ce kai nasu ne. Daga nan ake fara zamewa, sannu a hankali, ba tare da an taɓa ce maka ka yi ƙarya ba.

Don kuwa ƙaryar talabijin ba kasafai take fita daga baki ba, a ɗakin tace hotuna ake yin ta. Taron da aka yi a Filin Kangiwa, in mai kyamara ya matsa kusa da dandamali sai ka rantse garin ne ya fito kaf, in ya ja baya ya ɗauko gefen da ba kowa sai ka ce an watse. Duka hotunan gaskiya ne, zaɓin ne ba gaskiya ba. Haka in ka ba wannan ɗan takara minti uku da muryarsa, wancan kuma ka nuna shi yana motsa baki kai kana magana a kansa. Saboda haka ka zauna tare da mai tacewa har a gama, kada ka miƙa masa ka tafi shan shayi. Shirin da jam'iyya ta biya kuɗinsa kuma a faɗa wa mai kallo cewa na kuɗi ne.

Ka riƙe zaɓen gwamna na 2019 a ranka. An kaɗa ƙuri'a ranar 9 ga Maris, hukumar zaɓe ta ce bai kammala ba, domin ƙuri'un da aka soke sun fi ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. Aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga wata, Tambuwal ya tsira da ƙuri'a 342 kacal, a zaɓen da aka jefa sama da miliyan ɗaya. Sai a Janairun 2020 Kotun Ƙoli ta rufe maganar. A irin makonnin nan na jiran sakamako gari yana kan siraɗi, kowane gida da lissafinsa a waya, kowa yana cewa shi ya ci. Alƙaluma ɗaya da ka karanta kafin baturen zaɓe ya faɗa ya isa ya fito da matasa kan titi. A ranar ba a bukatar saurinka. Ana bukatar mutum guda wanda in ya ce ga abin da aka sanar, na wannan gida da na wancan duk za su yarda. Wannan yardar kuwa shekaru ake yi ana tara ta, a ƙananan labaran da ba wanda ya damu da su.

Na san za ka ce, Baba, ai gidan yana da mai shi. Haka ne. NTA ta gwamnatin tarayya ce tun kafa ta a 1977, Rima ta jiha ce, masu zaman kansu da dokar 1992 ta buɗe wa ƙofa su ma kowanne da ubangidansa. Ba zan ce ka je ka yi fito-na-fito da wanda ke biyan ka albashi ba, kana da iyali. Amma tsakanin tawaye da fadanci akwai fili mai faɗi. Ba kullum za a bar ka ka faɗi duk abin da ka sani ba, sai dai ba wanda zai tilasta maka ƙara gishirin da ba a nema ba, kuma yawancin bambaɗancin da kake ji a allo ba umarni aka bayar ba, neman shiga ne. Na gabanka sun ga abin da ya fi wannan. A 1984 Doka ta Huɗu ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku saboda abin da suka rubuta. Kai yau tsarin mulkin 1999 a sashe na 22 ya ɗora maka aikin bin diddigin gwamnati, ga kuma dokar samun bayanai ta 2011, wadda 'yan uwanka kaɗan ne suka taɓa rubuta takarda da ita.

Tambaya ba faɗa ba ce. Mu nan an tashe mu da kunyar manya, kuma ban ce ka yar da ita ba. Ka ce ranka ya daɗe, ka rusuna, sannan ka tambaya. In ya kewaye, ka bari ya gama, ka sake maimaitawa da murya ɗaya. Ka nemi hirarrakin da Kadaria Ahmed ta yi da 'yan takarar shugaban ƙasa a Janairun 2019 ka kalla da idon mai koyo, ka lura da tambaya ta biyu, wadda ke biyo bayan amsa. Ita ce aikin, kuma ba ta zuwa sai ga wanda ya karanta kasafin kuɗi, ya san nawa aka ware wa ruwan sha bara, ya kuma je unguwa ya murɗa famfo da hannunsa.

Maganar kuɗin mota da ake miƙawa bayan taron manema labarai, ba zan yi maka dogon wa'azi ba, na san yadda albashi yake. Ka dai lura da kanka: ranar da ka karɓa, wace tambaya ce ta maƙale maka a wuya? In kuma wata rana aka ba ka kakakin gwamna ko na sanata, aiki ne na halal, ka karɓa in kana so, amma ka sauka daga allo tukuna.

Sai ƙauye. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta, siyasarta ba a Gidan Gwamnati kaɗai take ba. Ka je Isa da Sabon Birni da Goronyo ka ji abin da mutane ke cewa game da tsaro da taki da asibiti. In manomi ya yarda ya yi maka magana a kan 'yan bindiga, ka rufe fuskarsa, ka sauya muryarsa, kada ka nuna masallaci ko bishiyar da za a gane garin da ita, ko da shi ya ce ba komai. Kai za ka kwana birni, shi can zai kwana. Ka gai da mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe.