Manta-Uwa da Uwar Goyonsa: Darasi Daga Tsirrai Game da Duwatsun Kwatarkwashi da Tsafe

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba zai kasa lura da Dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu da duwatsun Tsafe ba. Da rani sai a gan su fayau, amma da damina ta kankama sai tsirrai su leƙo daga kowane tsagi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan farfaɗowa ta dogara ne ga wata halitta da ido ba ya gani. Za a ɗauki misali daga tsiron da Bahaushe ya raɗa wa suna manta-uwa.

Sunan da Mai Sunan

A cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa, wanda ya fito a 1916, J. M. Dalziel ya kawo manta-uwa a matsayin sunan tsirrai fiye da ɗaya. Daga cikinsu akwai wani mai fure da ke maƙalewa a bisa itatuwa, wanda kuma ake kira murucin bisa, masana kuwa suna ce masa Ansellia. Sunan ya samo asali ne daga al'adar yaye, domin akan ba yaro maganin don ya daina ƙulafucin nono. Wannan tsiro ɗan babban dangi ne da ake kira okid, mai nau'o'i kimanin 28,000 a duniya.

Abin sha'awa shi ne, sunan ya dace da halin irin wannan dangi. Ƙwayar gero ko ta wake takan bar uwarta da guzurin abincin da za ta tsira da shi. Ƙwayar okid kuwa tamkar ƙura take, ba ta ɗauke da guzurin kirki, kwanso guda yakan ƙunshi dubbai, wani ma miliyoyi. Iska ce ke kwashe su, galibinsu kuma su hallaka.

Uwar Goyo

A shekarar 1899 wani masani ɗan Faransa, Noël Bernard, ya gano sirrin waɗanda ke tsira. Sai ƙwayar ta faɗa inda akwai wata irin funfuna, 'yar dangin naman kaza, mai zare siriri ainun. Zaren yakan kutsa cikin ƙwayar ya nannaɗe, ita kuwa ta narkar da shi ta sami abinci, har ta fid da ganye ta soma ci da kanta. Ke nan jaririn da ya rabu da uwa bai rayu ba sai da ya sami uwar goyo. A 1922 Lewis Knudson a Amurka ya tsirar da irin a cikin kwalba ta hanyar ba shi sukari da sinadarai, amma a dawa babu mai yi masa wannan hidima sai funfuna.

Wannan zumunci bai tsaya ga okid ba. Kimanin kashi 80 cikin 100 na tsirran duniya suna ƙulla cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da funfunan ƙasa: itace ya ba ta sukari, ita ta janyo masa ruwa da sinadarai. Doka da kawo suna cikin itatuwan ƙasar Hausa masu wannan hali.

Darasi ga Duwatsu

A bisa fa, ƙasa 'yar kaɗan ce. Takan taru ne a tsagi da kwarmi daga ruɓaɓɓen ganye da marmashin dutse, bayan shekaru masu yawa. A cikinta iri da funfuna suke jiran ruwa, kuma saiwa ce ke riƙe da ita. In aka sare itacen don girki ko gawayi, aka bi da gobarar daji da fasa dutse, ruwan farko kan wanke ta. Daga nan ko iska ta kawo iri, babu uwar goyon da za ta karɓe shi. Saboda haka dashen itatuwa kaɗai ba ya mayar da dutse yadda yake. Kare 'yar ƙasar da ta rage ya fi sauƙi, kuma ya fi tabbas.

Kammalawa

Akwai rabon ɗaliban Hausa a cikin wannan aiki. Sunaye irin su manta-uwa suna bakin maharba da makiyaya da masu maganin gargajiya, kuma su ne suka san inda kowane tsiro yake fitowa da lokacinsa. In tsiro ya ɓace, sunansa yakan bi shi. Ya kamata a tattara waɗannan sunaye a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, tare da haɗa kai da masana kimiyyar tsirrai, tun masu ilimin suna raye, tun kuma ƙasar tana bisa dutse.