Sarautar konsul a birnin Roma

Ƴan makaranta, ku duba taswira. A arewacin Afirka akwai tekun da ake kira Bahar Rum. Ƙetaren tekun akwai wata ƙasa doguwa, mai kama da ƙafar mutum cikin takalmi. Ita ce Italiya, babban birninta Roma. Yau za mu karanta labarin wata sarauta ta wannan birni, wadda ta yi shekara fiye da 1000.

Ku lura da abu guda tukuna. Rabin labarin ya faru kafin haihuwar Annabi Isa. A wannan zamani lissafin shekaru baya-baya yake tafiya: 509 ta riga 367, ita kuma 367 ta riga 59.

Da farko sarakuna ke mulkin Roma. Romawa sun ce na ƙarshensu, Tarkin, mutum ne mai girman kai da zalunci. A shekarar 509 kafin haihuwar Annabi Isa suka kore shi, suka rantse ba za su ƙara yin sarki ba. To, amma gari ba ya zama ba shugaba. Wa zai ja gaban mayaƙa? Wa zai tara dattawa shawara? Sai suka yi dabara. Suka ɗauki ikon sarki suka ba mutum biyu, kuma na shekara guda kawai. Kowane ɗayansu ana kiran shi konsul.

Ku tuna da waɗannan abubuwa biyu: mutum biyu, shekara guda. In konsul ɗaya ya ba da umurni, ɗayan yana iya cewa a'a, sai maganar ta tsaya. In shekara ta cika, su sauka su koma kamar kowa, kuma wanda ya ci amana ana iya kai shi gaban shari'a. An ce ɗaya daga cikin na farko, Burutus, ya samu ƴaƴansa biyu cikin masu ƙulle-ƙullen maido da Tarkin. Shi da kansa ya yanke musu hukuncin kisa. Labarin ya tsufa ƙwarai, amma Romawa sun riƙa ba ƴaƴansu shi, don su san yadda ake ƙin sarki a garinsu.

Konsul ba ƙaramin mutum ba ne. In ya fito, dogarai 12 ke gabansa a jere. Kowane dogari yana ɗauke da damin sanduna a kafaɗa. In sun fita bayan gari, sai a sa gatari cikin damin. Sanda ta duka ce, gatari na kisa. Cikin gari kuwa ana cire gatarin, don ɗan gari yana da damar kai kukansa gaban jama'a kafin a kashe shi. Konsul yana yafa farin mayafi mai jan baki, yana zama bisa kujerar hauren giwa. Shi ke kiran majalisar dattawa, shi ke tara jama'a don yin doka, shi ke ɗibar sojoji ya kai su fagen fama.

Akwai wani girma da ya fi wannan duka. Kun ji tsofaffi suna cewa: an haifi wane a shekarar fara, ko a zamanin sarki wane. Su Romawa da sunan konsul suke kiran shekara. Sai a ce: shekarar da wane da wane suka yi konsul. Wanda ya samu wannan sarauta, sunansa ya shiga bakin mutane ke nan har jikokin jikoki. Tun daga shekarar 153 sababbin konsul suke kama aiki ran 1 ga watan Janairu.

Jama'a ke zaɓen su, a wani fili bayan gari. Amma kada ku ce zaɓen adalci ne. Mata ba su zaɓe, bayi ba su zaɓe. Maza kuma an kasa su bisa ga dukiya. Masu hali ke fara jefa ƙuri'a, kuma sau da yawa magana ta ƙare kafin a zo kan matalauta. An daɗe ƴaƴan manyan gidaje ne ke riƙe da kujerar. Talakawa suka yi ta ja da su shekara da shekaru, har aka yi doka a 367. Shekarar da ta biyo wani daga cikinsu, Sekstiyus, ya zama konsul. Daga baya aka ƙara wasu sharuɗɗa: sai mutum ya riƙe ƙananan muƙamai, sai ya kai shekara 42, kuma in ya sauka sai ya jira shekara 10 kafin ya sake hawa.

Shugaba biyu yana da wahalarsa. A shekarar 216 Anibal, jarumin birnin Kartaj, wanda kufansa ke cikin ƙasar Tunisiya ta yau, ya ja daga da Romawa a wani wuri da ake kira Kan. Konsul biyu suna wurin, yau wannan ke ba da umurni, gobe wancan. Anibal ya kewaye rundunarsu, ya kashe dubbai, har da konsul guda. Duk da haka Romawa ba su bar tsarinsu ba. Sun fi tsoron sarki da tsoron Anibal.

To, me ya lalata sarautar?

Roma ta yi girma. Ta ci ƙasashe masu nisa, yaƙi ba ya ƙarewa cikin shekara guda. Da can mai gona ke zuwa yaƙi, ya koma gida bayan an gama. A shekarar 107 konsul Mariyus, da zai tafi yaƙi a Numidiya, wajen Aljeriya ta yau, ya ɗauki har waɗanda ba su da gona. Sojan da ba shi da gona, wa zai ba shi in ya tsufa? Sai shugaban yaƙinsa. Sannu a hankali sojoji suka fi bin mai gidansu da bin dokar gari. Shi Mariyus ɗin ya yi konsul sau 7, biyar daga ciki a jere, daga 104 zuwa 100. Dokar jiran shekara 10 ta zama maganar banza.

A shekarar 59 aka zaɓi Jul Sezar, wanda wasu littattafai ke kira Kaisar, tare da wani mai suna Bibulus. Sezar ya kawo dokar raba gonaki, Bibulus ya fito zai ce a'a, kamar yadda doka ta ba shi. Mutanen Sezar suka juye masa kwandon kashi a ka, suka karya sandunan dogaransa. Bibulus ya shige gida, ya rufe ƙofa kusan duk sauran shekarar. Masu ba'a suka riƙa cewa wannan shekarar Jul da Sezar ce. Abin dariya ne, amma ku duba da kyau: mutum biyu sun koma mutum guda.

Sezar ya ci abokan gabansa da yaƙi, ya zama shi ke ba da sarauta ga wanda ya so. Ranar ƙarshe ta shekarar 45 wani konsul ya mutu, saura ƴan awoyi shekara ta ƙare. Sezar ya naɗa wani abokinsa, Rebilus, ya cike gurbin. Siseron, wani dattijo mai kaifin baki, ya ce a zamanin wannan konsul ba wanda ya ci abincin rana, kuma don tsabar himma bai yi barci ba ko sau ɗaya. Ran 15 ga Maris na 44 wasu ƴan majalisa suka kashe Sezar da wuƙaƙe, suna tsammani tsohon tsari zai dawo. Bai dawo ba. A shekarar 43 magajinsa Oktab, yaro ɗan shekara 19, ya aiko sojoji su nema masa konsul. Dattawa suka ƙi. An ce wani sojan ya nuna musu ƙotar takobinsa, ya ce in ba su yi ba, wannan zai yi. Oktab ya shigo Roma da runduna, aka zaɓe shi.

Oktab shi ne aka yi wa laƙabi da Ogust a shekarar 27. Mai wayo ne. Ya ga abin da ya samu Sezar, don haka bai kira kansa sarki ba, bai kuma soke sarautar konsul ba. Ya bar dogarai, ya bar mayafi da kujera. Sojoji da baitulmali ya riƙe a hannunsa. Ni a ganina a nan ne sarautar ta mutu, ko da yake ta ƙara shekara fiye da 500 tana tafiya da ƙafarta.

Daga nan shekaru na bayan haihuwar Annabi Isa ne, lissafi ya miƙe gaba. A shekarar 14 aka karɓe zaɓen daga hannun jama'a, aka kai shi majalisar dattawa, su kuma ba su zaɓen wanda sarkin bai so ba. Aka gutsuttsura shekara, kowa ya ɗana wata biyu ko huɗu ya sauka. A shekarar 190 kaɗai an yi konsul 25. An ce sarki Kaligula ya so ya naɗa dokinsa; bai kai ga yi ba, kuma mai yiwuwa wulaƙanta dattawa yake nufi. A shekarar 386 kuwa an naɗa Honoriyus, ɗan sarki, bai ma cika shekara 2 ba.

Me ya rage wa konsul? Sunansa a bisa shekara, da shirya wa jama'a wasanni da kuɗin aljihunsa: sukuwar keken doki da farautar namun daji cikin fage. Sai hamshaƙin mai dukiya ke iyawa. A shekarar 476 aka tuɓe sarkin ƙarshe na yammacin daular, amma aka ci gaba da naɗa konsul a Italiya har 534. A gabas, a birnin Konstantinopul, wato Istambul ta yau, sarki Justiniyan ya yi doka a 537 cewa a riƙa rubuta shekarar mulkin sarki a gaban takardu, kafin sunan konsul. A shekarar 541 aka naɗa wani mai suna Basiliyus. Shekara ta kewayo, ba a naɗa kowa ba. Bayan shi ba wanda ya ƙara riƙe wannan kujera a daular sai sarakuna da kansu.

Kalmar dai tana nan. Ma'aikacin da ƙasa ke aikawa wani birni na waje don ya kula da ƴan ƙasarsa da takardunsu, kamar na Nijar da ke Jidda, shi ma konsul ake ce masa. Aikinsa dabam ne da na Burutus.

Tambayoyi

1. Don me Romawa suka yi konsul biyu, ba ɗaya ba?
2. Me ya sa ake cire gatari daga damin sanduna cikin gari?
3. Bibulus yana da ikon cewa a'a. Me ya hana a'arsa ta yi aiki?
4. Ogust ya bar wa konsul wasu abubuwa, ya riƙe wasu. Ku rubuta su cikin kayenku, kashi biyu.
5. Daga 509 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 59, shekara nawa ke nan?