Kyamarar da Ke Ganin Zafi

Kowane abu mai ɗumi yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Jikin saniya yana fitar da shi, haka ma ƙasar gona da ruwan kogi. Sunansa infrared. Masanin taurari William Herschel ne ya gano shi a Ingila a shekarar 1800.

Akwai kyamarar da ke ɗaukar hoton wannan haske, dare da rana. Manyan sassanta biyu ne. Na farko shi ne idon kyamara, mai tattara haske wuri guda. Ba a yin sa da gilashi, domin gilashi yana tare hasken zafi. Da wani ma'adini ake yin sa, jamaniyam. Mutum ba ya hango komai ta cikinsa, amma hasken zafi yana ratsa shi. Na biyu ɗan faranti ne mai dubban ɗigogi. Kowane ɗigo yana auna zafin da ya sauka kansa, sai na'ura ta haɗa hoto. Galibi wuri mai zafi fari yake fitowa, mai sanyi kuwa baƙi.

Masu ƙera ta suna fama da matsala guda. In idon ya kama fili mai faɗi, ƙananan abubuwa sai su ɓace. Misali, tauraron ɗan Adam Landsat 8, wanda Amurka ta harba a 2013 ɗauke da kyamarar zafi, yana ɗaukar ƙasa mai faɗin kilomita 185. Amma ɗigo ɗaya na hotonsa na zafi ya haɗiye murabba'in fili mai mita 100 kowane gefe. Ba zai nuna akuya ba, sai dai babbar gona. Yakan dawo kan wuri ɗaya duk bayan kwana 16.

Wannan ilimi ya shafi manoman Jazira da na ƙauyuka irin su Maiwurno a ƙasar Sudan. Tun 1925 madatsar Sinnar take shayar da gonakin Jazira. Ganyen da ya ƙoshi da ruwa yana fitar da laima, sai ya yi sanyi. Auduga ko dawar da ƙishi ya kama takan ɗau zafi tun kafin ta yanƙwane. Ta haka hoto ke tona yankin da ruwa bai kai ba, wataƙila don laka da ciyawa sun toshe magudana.

Kyamarar tana da iyaka. Gajimare yana rufe mata ƙasa. Kuma cuta ma kan sa shuka ta yi zafi, don haka dole manomi ya shiga gona ya tantance dalili.