Yadda Ake Koɗa Dutsen Niƙa da Kula da Shi

A Dawaki da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, ƙasar duwatsu, injin markaɗe bai kori dutsen niƙa daga tsakar gida ba. Ran da injin ya tsaya, ko aka so miyar da ta ji hannu, shi ake komawa. Amma dutse yana cinyewa. Idan kika ga fuskarsa ta yi santsi, ƙwayar dawa na zamewa ba ta farfashewa, to lokacin kuɗa ya yi.

1. Ki wanke dutsen da ruwan ɗumi da toka, ki goge maiƙon da ya toshe ƙofofinsa, musamman in an niƙa gyaɗa a kai. Ki bar shi ya bushe sarai.

2. Ki girke shi a kan yashi ko buhu mai ninki, ya zauna daram. Dutsen da ke rawa a kan siminti yana iya tsagewa da bugu ɗaya.

3. Ki ɗauki makoɗi ki riƙa sara a hankali, kusa da kusa, daga tsakiya inda ya fi lotsawa zuwa gefe. Ba ƙarfi ake so ba, yawan sara ake so. Ki tsaya kamar yatsa biyu kafin baki, don nan ne yake ɓantarewa. Ki kare idonki, yara kuma su matsa, saboda ɓarɓashi na tsalle.

4. Ki shafa da tafin hannu. In ko'ina ya yi kaushi, babu tsibirin santsi, ya koɗu. Ɗan dutsen ma a yi masa haka.

5. Ki share, ki wanke, sannan ki niƙa tafin dusa ko jiƙaƙƙiyar dawa ki zuba wa kaji. Ki maimaita har sai kin murza garin tsakanin yatsu ba ki ji tsakuwa ba. Kada a tsallake wannan mataki, domin wanda ya tauna tuwo mai yashi ba ya mantawa.

Bayan kowane markaɗe, ki ɗauraye shi nan take tun tattasai bai bushe a kai ba, ba da sabulu mai ƙamshi ba, don yana kama abinci. Ki jingine shi ya tsane, ki rufe. Kada ya zauna gefen murhu ya yi zafi sannan a kwara masa ruwan sanyi. Dutsen da aka riƙe haka, uwa ke barin wa 'yarta.