Kafin ka ari buhu ka sayar

Jama'ar Gammo da kewaye, akwai wata dabara da ke yawo a bakin 'yan kasuwa: ka ari buhu goma na masara wurin mai rumbu da damina, lokacin tsada, ka sayar, kaka ta yi, farashi ya sauko, ka sayo a Gwarzo ko Dawanau ka mayar, rarar ta zama taka. A kasuwannin hannun jari na duniya ma ana yin haka.

Ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya sayi kaya, iyakar asararsa kuɗin da ya zuba. Kai kuwa buhu za ka mayar, ba naira ba, ko nawa ya kai. Ku tuna tashin gwauron zabin da hatsi ya yi bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. In masu irin wannan bashi sun yi yawa, kowa ya ruga saye lokaci guda, su da kansu ke ƙara wa farashin wuta. Haka aka yi da hannun jarin kamfanin GameStop a Amurka a Janairun 2021.

In ka nace, a rubuta gaban shaidu: buhu nawa, tiya nawa a buhu, wace rana. Kuɗin cinikin kada su tafi biki ko sayen babur, ba naka ba ne tukuna. Ka yanke tun farko farashin da in an kai shi za ka sayo ka mayar, ba jiran gobe. Ka kuma tambayi malami hukuncinsa, musamman in mai rumbu ya sa ƙari.