Filin Wasan Yaranmu Tun Ranar Awo Yake Ɓacewa

Aikina awon filaye ne da tsara sababbin unguwanni, kuma galibi a ƙananan garuruwa nake yinsa, irin hedikwatar ƙaramar hukuma da ƙauyukan da suka fara zama gari. Akwai abin da nake gani a wannan aiki da ya kamata iyaye su sani, domin su ne ke kukan cewa samari sun lalace, sun koma zaman majalisa da gidan kallo.

Duk taswirar unguwa da aka tsara bisa ƙa'ida, za ka ga an ware wurin makaranta da masallaci da asibiti da kasuwa, sannan a bar wani fili a shafa masa koren launi, wato na wasa da shaƙatawa. Masallaci yana da masu tsaronsa, maƙabarta ana jin tsoron taɓa ta. Koren filin nan kuwa maraya ne. Bayan 'yan shekaru sai ka dawo ka tarar an yanka shi fuloti-fuloti, ko an jera shaguna a bakinsa har ƙofar shiga ta toshe. A awon igiya ma ba a kai ga nan, domin mai gona da dillali ba sa barin ko taki ɗaya, hanya kanta da ƙyar ake barin wadda mota za ta bi. Idan na ce a bar wa yara wuri, amsar ɗaya ce kusan ko'ina: "Injiniya, ƙwallo za mu ci?"

To yaran ba sa ɓacewa don filin ya ɓace. Ɗan shekara 15 da aka tashi daga makaranta da azahar, ya dawo daga Islamiyya da la'asar, yana da ƙarfi a jika kuma dole ya sami inda zai sauke shi. Wasu su kafa duwatsu biyu a tsakiyar titi su buga ƙwallo tsakanin babura. Wasu su tafi kududdufin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, kuma duk damina muna jin labarin yaran da ruwa ya ci a irin waɗannan ramuka. Wasu su shige kango. Ni da nake yawo da na'urar awo a bayan gari na san abin da ake tararwa a kangwaye: kwalaben maganin tari, fankon ƙwayoyi, gwangwanin sholisho. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Fili kaɗai ba zai raba yaro da shaye-shaye ba. Amma yaron da ke da atisaye ƙarfe huɗu, da koci mai kiran suna, da abokan da za su zo har gida su tambayi dalilin rashin zuwansa, yana da idanu a kansa. Na kango babu mai ganinsa sai wanda ke sayar masa.

Iyayenmu ba su yi wannan sakaci ba. Kowane gari yana da dandali, kuma ba wanda ya isa ya gina a kansa. A nan ake langa da kokawa bayan kaka, 'yan mata na gaɗa a farin wata, akwai sarkin samari da ke tsawatarwa, dattawa kuma na nan kusa suna dara suna kallon kowa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe nasu fiye da mu: tun 1975 suke gasar kokawar ƙasa ta neman takobi, manyan biranen jihohinsu kuma na da filayen kokawa da aka gina don haka.

'Yan mata su ne aka fi manta da su. Namiji ko a titi zai buga ƙwallo, mace kuwa tun da gaɗa ta mutu ba a ba ta komai a madadinta ba sai talla da wanke-wanke da waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, kuma alƙaluman da ta fitar a 2019 sun nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu tasowa a duniya ba sa samun haka. Damuwar iyaye game da cakuɗuwar maza da mata gaskiya ce, kuma tana da magani mai sauƙi: filin makarantar 'yan mata mai katanga, a buɗe shi da yamma kwana biyu ko uku a mako, malama mace na kula.

Batun kuɗi da ake fakewa da shi, bari mu yi lissafi. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, kimanin fuloti 15 ke nan na ƙafa 50 da 100. A garin da ake yanka ɗaruruwan fulotai a gona guda, wannan ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Filin ƙwallon raga mita 18 da 9 ne, fuloti ɗaya ya ishe shi har da wurin 'yan kallo. Ba sitadiyam ake nema ba. A share ƙasa, a kafa turaku, a dasa darbejiya a kewaye, a sa fitilar sola da famfo, a yi rumfa da benci inda mai son karatu ko dara zai zauna. (Bishiyoyin suna da wani amfani kuma: filin da aka kewaye da itatuwa ya fi wuyar sata.)

Doka ma tana bayanmu. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa wuraren shaƙatawa da lambuna da buɗaɗɗun filaye cikin ayyukan ƙaramar hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filaye a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka ciyaman da kansila ba su da hujjar cewa abin ba nasu ba ne.

Abin da ya fi kashe filaye a idona shi ne rashin takarda. Fili ya shekara 30 ana wasa a kansa, kowa ya san na gari ne, amma babu inda aka rubuta. Ranar da mai gonar asali ya rasu, magada suka zo rabon gado, magana ta ƙare. Don haka ina roƙon masu unguwanni da dagatai da limamai da ƙungiyoyin ci gaban gari: duk filin da yaranku ke wasa a kai yau, ku kira ma'aikacin safiyo ya auna shi, a kafa duwatsun iyaka, a yi masa takarda da sunan al'umma, a ajiye kwafi a fadar hakimi da sakatariya. Mai hali da ke neman sadaka mai gudana ya sayi fili ya yi waƙafi da shi. Kai kuma mai shirin sayen fuloti a sabuwar unguwa, kafin ka biya kuɗi ka ce a nuna maka taswira, ka tambayi inda aka bar wa yara.