Gidan Adana Zane-zanen Zamani da Aikin Malamin Hausa

Ɗalibai da dama kan ɗauka cewa gidan tarihi da gidan adana zane-zanen zamani abu guda ne, alhali akwai bambanci. Gidan Makama na Kano, da gidan tarihin Katsina da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina wadda aka buɗe a 1922, kayan da suke adanawa, kamar takubba da sulke da tambura. Shi kuwa na zamani, ayyukan masu fasaha na ƙarni na 20 zuwa yau yake tarawa, kowane aiki da sunan mai shi.

A 1993 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar da ke kula da irin wannan taska. A Legas aka fara baje kayan, cikin Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu, inda aka yi bikin FESTAC na 1977. Daga cikin waɗanda ake alfahari da su a wannan fage akwai Aina Onabolu da Ben Enwonwu, sai kuma ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Waɗannan sun ƙi kwaikwayon Turawa ido rufe, suka koma ga zanen gargajiyar al'ummominsu. Sai dai galibinsu 'yan Kudu ne. A Zariya suka yi karatu, amma maginan da suka ƙawata bangayen birnin da zane ba su sami irin wannan suna ba.

A nan ne nauyi ya hau kan malamin Hausa. Wanda aka tura Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba shi da halin kai yara Legas. Matsalar tsaro ma kan hana shi kai su Katsina. Amma kayan darasin na gabansa: aska takwas da aska biyu a ƙirjin babbar riga, dagi a goshin zaure, zayyana a allon sauka, zanen ƙwarya a ɗakin amarya. Siminti na maye gurbin makuba, ƙauyuka kuma na tashi saboda 'yan bindiga, kuma idan abu ya ɓace sunansa kan bi shi. Don haka bai isa yaro ya ce "zane" kawai ba. Ita kanta kalmar tana da ruɗani a rubutu, domin zanen ɗaurawa gajeren wasali ke gare shi a gaɓar farko, na bango kuwa dogo, karin sautinsu ma ya bambanta.

Auna Fahimta

Ɗalibi ya ziyarci maɗinki ko magini ko mai zanen ƙwarya a garinsu, ya rubuto sunayen zane guda goma da bayanin kowanne, ya kuma nemi izinin mai sana'ar ya sa sunansa a kan aikin.